Me Ya Haɗa Aljana Da Aljanna?

Tun muna makarantar allo abin nan ke ɗaure mini kai. Aljanna gidan ni'ima ce, kowa na roƙon Allah ya sa shi a cikinta. Aljana kuwa da ita ake tsorata mu kada mu je gindin tsamiya da tsakar rana. Harafi ɗaya tak ya raba su. Dace ne kawai, ko 'yan gida ɗaya ne?

Na fara da kan kalmomin. Wannan "al" ba tamu ba ce. Ita ce a alƙali, albasa da alƙalami. Larabawa ke maƙala ta a gaban suna, mu kuma muka aro kalmomin da ita a jiki. Idan ka cire ta, sai a bar ka da jinn da janna.

To, a nan bakin zaren yake. Malaman lugga sun mayar da su biyun ga saiwa guda, jimun da nunun biyu, mai ma'anar rufewa ko ɓoyewa. A Suratul An'am, aya ta 76, da wannan fi'ili aka faɗi yadda dare ya lulluɓe Annabi Ibrahim (AS). Janna lambu ne wanda itatuwa suka rufe ƙasarsa. Janin ɗan tayi ne, yana ɓoye a mahaifa. Junna garkuwa ce. Majnun shi ne wanda hankalinsa ya rufu. Jinn kuwa halitta ce da aka ɓoye wa idon ɗan Adam.

Saura tambaya guda: kafin Larabci ya iso, me kakanninmu ke ce wa aljanu? Iskoki. Sunan da Maguzawa da 'yan bori ke kiran mazauna kuka, tsamiya, duwatsu da tsofaffin rijiyoyi ke nan. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a kan Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna a littafinsa na 1946 yadda aka ɗauki iskoki da aljanu abu ɗaya. A ganina haɗuwar ba ta yi wuya ba, domin iska kana jin ta a jikinka, kana ganin ganye na kaɗawa, amma ita kanta ba ka ganinta.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta ambaton aljani bayan magariba. "Mutanen ɓoye" take cewa. Ba ta karanci lugga ba, amma ainihin ma'anar kalmar ta Larabci ke nan take faɗa da Hausa.