Guzuri da Mulki a Yaƙin Taurari

Masu ƙaga labaran yaƙi a sararin samaniya sun kasu biyu: akwai waɗanda hankalinsu ke kan walƙiyar makamai da jaruntakar barade, akwai kuma waɗanda suka fahimci cewa duk rundunar da ta yi nisa da gida, guzuri da saƙo ne ke hukunta al'amarinta tun kafin ta yi ido biyu da abokan gaba. A ganina na biyun su ne ma'abota basira.

Malaman falaki sun tabbatar haske na cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma babu saƙon da ya fi shi sauri. Amma duk da haka sai ya shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana. Sarkin yaƙin da ke can, in ya aiko fada neman izini, ba zai ji amsa ba sai bayan shekara takwas, alhali mai yiwuwa sarkin da ya tura shi ya rasu, ko majalisa ta sake shawara. Irin haka ta auku a doron ƙasa: Amurka da Ingila sun sa hannu kan sulhu a Ghent ran 24 ga Disamba 1814, amma da yake labari bai ƙetare teku ba, aka gwabza a New Orleans ran 8 ga Janairu 1815.

Joe Haldeman, Ba'amurken da aka ji wa rauni a yaƙin Vietnam, ya zurfafa wannan mas'ala cikin littafinsa The Forever War na 1974. Ya ɗora labarin bisa ƙa'idar Einstein, wadda ta nuna cewa wanda ya yi gudu kusa da na haske, zamani na tafiya masa a hankali. Saboda haka sojansa, William Mandella, yakan yi watanni cikin kumbo, alhali a gida shekaru aru-aru sun shuɗe. Makamin da ya baro gida da shi sabo fil yakan zama tsohon yayi kafin ya isa fagen fama, albashinsa na ta taruwa har ya zama dukiya mai yawa, amma da ya komo sai ya tarar al'adun mutanensa sun sauya, har ya gwammace komawa soja da zama baƙo cikin danginsa. Bayan fiye da shekara dubu ana zub da jini, aka gano rashin fahimtar juna ne musabbabin yaƙin.

Frank Herbert kuwa, cikin littafinsa Dune na 1965, ta fuskar siyasa ya ɗauko zancen. Daularsa na da sarki da manyan gidajen sarauta, amma jigila tsakanin taurari na hannun ƙungiya guda ta matuƙa, kamar a ce madugu ɗaya tak ya san rijiyoyin Sahara, kuma kuɗin ɗaukar mayaƙa na da tsadar da ke karya baitulmali. Su ma matuƙan ba sa ganin hanya sai da wani sinadari da babu shi ko'ina sai a hamadar duniyar Arrakis. Da jarumin labarin, Paul Atreides, ya yi barazanar hallaka tushen sinadarin, sai matuƙan suka bi umarninsa, Sarki Shaddam na huɗu kuma, da ya ga an raba shi da jiragen da ya dogara gare su, ya sauka daga gadon mulki.