Ina saƙonmu yake bi kafin ya isa, kuma ina yake maƙalewa?

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hada tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ya san wannan magana: "Babu rezo, a dakata." Mota na tsaye da kaya, direba na jiran kuɗin mai, mai aika kuɗi kuma ya ce saƙo bai tafi ba. Mukan ɗora laifin a kan waya ko kamfani, alhali sau da yawa matsalar tana can nesa da mu.

Hoton atamfar da muka aika wa abokin ciniki a Kano ba ya tafiya dunƙule. Waya tana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane bai cika wuce bayit 1,500 ba, a liƙa masa lambar mai aikawa da ta mai karɓa, kamar yadda muke rubuta suna a jikin buhu. A kan hanya akwai na'urori masu aikin ƴan kamasho a tasha: kowace ta duba lamba, ta miƙa ƙunshin ga ta gaba. In wani ya ɓace, a sake aiko shi. Kiran murya kuwa ba ya jiran wanda ya makara, shi ya sa magana take yankewa.

Tafiyar tana da nisa. Nijar ba ta da teku, don haka yawancin saƙonninta sai sun ratsa maƙwabta kafin su shiga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. A watan Yulin 2009 wayar SAT-3 ta lalace, intanet ya durƙushe a Benin da Togo da Nijar da Najeriya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyi huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. A irin wannan rana, ko mun canza waya sau goma babu abin da zai gyaru.

To, yaya za mu gane inda cikas yake? Akwai wani ɗan awo da ake kira ping, wanda Ba'amurke Mike Muuss ya rubuta a 1983. A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, in baƙin allo ya buɗe a rubuta ping 8.8.8.8, wato lambar wata na'urar Google. Kwamfuta za ta aika ƙunshi huɗu, ta faɗi nawa suka dawo da tsawon lokacin da suka ɗauka, da ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 100 lafiya lau ne. Wanda ke kan tauraron ɗan adam irin na da, mai nisan kilomita 36,000, zai ga wajen 600, kuma ba lalacewa ba ce, nisa ne kawai. Abin tsoro shi ne huɗu su tafi, biyu su dawo. Masu wayar hannu ma suna iya sauke manhajar ping kyauta.

A ganinmu wannan ne ya fi shafar aljihu. Lokacin da ƙunshi ke zubewa, umarnin biyan kuɗi yana iya isa banki, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Mutum ya ga allo na juyawa, ya sake dannawa, ya biya sau biyu. Gara a duba abin da ya rage a asusu tukuna.

In lambar 8.8.8.8 ta amsa amma ping google.com ya ƙi, hanya a buɗe take. Na'urar da ke fassara suna zuwa lamba ce ta gaza. In ana son ganin zango-zango, sai a rubuta tracert 8.8.8.8. Zai jero tashoshin da ƙunshi ya ratsa, har 30. Tsayawa a layin farko na nufin matsalar cikin shagonmu take, a duba akwatin intanet da wayoyinsa. Taurari a layi ɗaya a tsakiya ba komai ba ne, wasu na'urorin ba sa amsawa da gangan.

Mu mazauna bakin iyaka muna da ƙarin namu: waya takan kama eriyar ƙetare ba da saninmu ba, ta cinye kuɗi, intanet kuma ya yi nauyi. Kafin kowane awo, a dubi sunan kamfanin da ke saman allo, in ya canza a shiga saiti a zaɓi na gida da hannu.