Yaron da Ba a Tambaya a Zaman Sulhu

A gidajen haya na Kurmin Mashi da ke Kaduna, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, faɗan miji da mata ba ya ɓuya. In ya kai ga duka, mai unguwa ko liman yakan kira zama, a yi nasiha, a ce wa matar ta yi haƙuri, a watse. Yaron da aka yi komai a kan idonsa kuwa, ba mai waiwayarsa.

Shi ne jami'an walwalar jama'a suke fara nema. Ko ba a taɓa lafiyarsa ba, abin yana nuna kansa: ɗan shekara takwas ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa kāre kansa da hannu da zarar malami ya ɗaga murya. A gida sai a ce taurin kai ne, a ƙara masa bulala. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18.

Ƙwararriyar jami'a ba ta tsare yaro da tambaya a gaban ubansa. Takan ja shi gefe, ta zauna ƙasa daidai tsayinsa, ta miƙa masa takarda da fensir ya zana gidansu. Ba ta sa masa magana a baki, don in aka je kotu, lauya zai kama wannan ya rushe shaidar. Idan gidan ba ya zaunuwa, wajen kaka ko gwaggo ake fara dubawa. Gidan marayu sai in an rasa yadda za a yi.

Doka dai akwai. A 2018 Jihar Kaduna ta kafa dokar kare yara da walwalarsu, da kuma ta hana cin zarafin mutane. Akwai cibiyoyin Salama masu karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, ɗaya tana asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada.

Inda gizo ke saƙa shi ne bibiya. A ganina sulhun da ba a sa ranar da jami'a za ta dawo ta ga yaron shi kaɗai ba, bai kammala ba, ko da liman ya shafa fatiha.