Tsarin Wasiƙun Kwamfuta A Ofishin Hakimi

Illela gari ne na bakin iyaka a Jihar Sakkwato, yana fuskantar Birnin Konni ta ƙasar Nijar. Ran Lahadi kasuwarsa ta kan cika da fatake da masu dabbobi daga ƙasashen biyu. Gari irin wannan ba ya rabuwa da takardu. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, masinja ke kawo wasiƙa, malamin hakimi ya shigar da ita rajista, ya sa mata lamba, kana ya sa ta a fayil. Yanzu wasiƙu da yawa ta kwamfuta su ke zuwa, watau imel. Hanyar ce kaɗai ta sake, aikin malami yana nan yadda ya ke.

Abin ba na wasa ba ne. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, umurnin buɗewa bai fito ba sai Maris 2024. A irin wannan lokaci umurni ya kan biyo umurni, na yau ya soke na jiya. In malami ya karanta wa hakimi tsohon, hakimi ya sanar da dagatai, to, an sa talakawa hasara, kuma kunyar ta hakimi ce.

Manhajojin da aka fi sani na tebur su ne Outlook na kamfanin Microsoft, da Thunderbird na Mozilla, wanda a ke samu kyauta. Amfaninsu babba a ƙauye shi ne, wasiƙar da aka riga aka sauko da ita tana karantuwa ko da intanet ta yanke. Malami ya iya rubuta amsa ya bar ta a akwatin fita, a aika in layi ya dawo.

Akwatin da wasiƙu ke fara sauka kamar zaure ya ke, wurin karɓar baƙi ne, ba ɗakin ajiya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar wasiƙu ɗari-ɗari jibge a ciki, ana cewa ai na'ura za ta nemo. Gaskiya ne tana nemowa, amma sai wanda ya tuna sunan mai aikowa ko wata kalma ta cikin wasiƙar. Saboda haka ya kamata a buɗe jakunkuna kamar fayilolin da: ta Majalisar Sarkin Musulmi, ta Ƙaramar Hukuma, ta iyaka da Kwastan, ta kasuwa da dabbobi, ta gonaki da burtali, ta lafiya da rigakafi. Kada su yi yawa. Malamin da ya buɗe jaka arba'in zai ɓata safiyarsa yana tunanin inda wasiƙa ɗaya ta dace. In abu ya shafi jaka biyu, kamar shanun da aka tsare a iyaka, a tsai da doka guda a ofis, a bi ta kullum.

Kowace safiya a duba akwatin. Wasiƙar da amsarta gajera ce a amsa nan take. Wadda ke jiran bakin hakimi a sa mata alama. Outlook yana da tuta wadda a ke ɗaura wa rana, ta tunatar in ranar ta zo, Thunderbird kuwa tauraro gare shi da alamomi masu launi. Wadda aka gama da ita a kai ta jakarta. In sabon umurni ya soke tsoho, kada a share tsohon, gama wata rana a kan nemi shaida. A kai shi jakar da aka rubuta wa "An soke".

Manhajar tana iya rabon wasiƙu da kanta. A kan kafa mata ƙa'ida, misali duk abin da ya zo daga adireshin sakataren Ƙaramar Hukuma ya wuce jakarsa kai tsaye. Wannan yana rage wahala, amma da haɗari a ciki, domin wasiƙar gaggawa ta iya shigewa jakar ba wanda ya gani. Wasiƙun Majalisa da na tsaro gara a bar su su sauka a zaure. Haka kuma a leƙa jakar tarkace sau ɗaya a mako, don na'ura ta kan jefa wasiƙar kirki a ciki bisa kuskure.

Kan wasiƙa kuwa, "Gaisuwa" ko "Sanarwa" ba ya gaya wa kowa kome bayan wata shida. A rubuta lambar fayil da ainihin magana, kuma magana ɗaya wasiƙa ɗaya.

Akwai hanya biyu da manhaja ke ɗauko wasiƙu. Ta POP tana sauko da su cikin kwamfutar ofis, kuma ta iya share su daga rumbun kamfanin, sai in an hana ta. In kwamfutar ta mutu, sun tafi ke nan. Ta IMAP tana barinsu a rumbun, ana ganinsu daga waya ko wata kwamfuta, amma abin da aka share a nan ya sharu ko'ina. Lalle malami ya san wadda ofishinsa ke bi. Ko wacce ce, a kwafe wasiƙun cikin filashi ƙarshen kowane wata, a kulle shi a wani ɗaki dabam. Takardun gona da na iyakar gunduma a buga su a takarda, hakimi ya sa hannu.

Wasiƙar da ta zo da sunan babban ofis tana neman kalmar sirri ko kuɗi cikin gaggawa, a dubi adireshin da kyau, a buga waya a tabbatar kafin a taɓa abin da aka liƙa mata. Adireshin imel kuma na ofis ne, ba na malami ba. Ran da aka yi masa canji, ya miƙa wa magajinsa jakunkuna da filashi a gaban hakimi, a sake kalmar sirri a ranar.