Giɓin Shafi a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Sunan da Ingilishi ya ba wannan al'amari yana ɗauke da ma'anar laifi, shi ya sa mai fassara kan ce "kuskuren shafi". Fassarar tana ɓatar da mai karatu, domin galibi babu wani kuskure. "Giɓin shafi" ya fi dacewa.

Dabarar ta faro ne daga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a 1962. Akan kasa ƙwaƙwalwa zuwa shafuka, yawanci a yau kowanne bayit 4096. Idan manhaja ta nemi shafin da ba a ɗora mata ba, na'urar sarrafawa takan dakatar da ita, ta miƙa ragama ga cibiyar babbar manhaja. Cibiyar za ta duba ko manhajar na da izinin taɓa wannan adireshi. In babu, Linux kan aika mata da siginar SIGSEGV, wadda yawanci ke kashe ta. In akwai, sai a samo gurbi, a ɗauko shafin daga faifai idan can yake, a gyara jadawalin shafuka, a maimaita umarnin da ya tsaya.

Da gangan ma Linux ke jinkirta ɗora shafi har sai an buƙace shi. Illar tana zuwa ne idan giɓin ya yawaita, kwamfuta ta shagala da jigilar shafuka ta bar ainihin aikinta, yanayin da Peter Denning ya yi nazarinsa a 1968.