Bayani Ga Jama'a Kan Zare, Galura Da Duwatsun Ado Masu Ƙyalli A Ƙarƙashin Fitilar UV

Duk wanda ya leƙa kasuwannin ƙauye na gundumar Lambara da maƙwabtanta a ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga zai lura da wasu launuka masu ɗaukar ido a jikin kayan ado: faifai da tabarma masu ratsin ruwan hoda, huluna masu ɗinkin zare tsanwa shar, da jigida da awarwaron roba masu ruwan lemo. Launukan nan sun fi na da haske nesa ba kusa ba, musamman da sanyin safiya ko gab da magariba. Idan kuma aka haska su cikin duhu da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, sai su riƙa ci kamar garwashi.

Wani kan ɗauki abin siddabaru, wani ya ɗauke shi shaidar ingancin kaya, wani kuma ya ji tsoronsa. Saboda haka muka shirya wannan bayani domin masu sana'ar hannu, da iyayen yara, da shugabannin al'umma su san asalin wannan ƙyalli, da amfaninsa, da kuma wuraren da ya wajaba a yi hattara.

Menene hasken UV?

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne masu yawa, waɗanda ke rarrabuwa a bakan gizo tun daga ja har zuwa shunayya. Bayan shunayya akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, shi ake kira ultrabayolet, a taƙaice UV. Wani masani Bajamushe mai suna Johann Ritter ne ya gano shi a shekarar 1801.

Masana sun kasa shi gida uku, bisa ma'aunin da suke kira nanomita. Akwai UV-A, daga 315 zuwa 400, wanda shi ne mafi sauƙi, kuma shi fitilun duba kuɗi da na ado ke bayarwa. Akwai UV-B, daga 280 zuwa 315, wanda shi ne ya fi ƙona fata a rana. Sai UV-C, daga 100 zuwa 280, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma yake da haɗari ƙwarai ga ido da fata. Wanda rana ke fitarwa ba ya iso ƙasa, amma ana ƙera fitilun da ke bayar da shi domin tsaftace ruwa da kayan asibiti.

Yadda ƙyallin ke faruwa

Akwai sinadaran da idan hasken UV ya faɗa musu sai su sha shi, nan take su mayar da shi waje cikin launin da ido ke gani, kore ko rawaya ko ja. Tunda ba mu ga hasken da ya shiga ba, sai wanda ya fito, shi ya sa muke ganin kamar zaren ko dutsen shi ke ba da haske da kansa. Masanin nan na Birtaniya, George Stokes, ya yi bayanin wannan al'amari a shekarar 1852.

Hasken rana ma yana ɗauke da UV, don haka ko da rana irin waɗannan launuka suna samun ƙarin haske a kan wanda launi na yau da kullum ke da shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗinka rigunan ma'aikatan hanya da irin wannan yadi, domin direba ya hango su daga nesa. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Bob da Joe Switzer, su suka fara sarrafa fenti irin wannan domin kasuwa a shekarun 1930, kuma daga aikinsu aka samu launukan da suka shahara da sunan Day-Glo.

Abin ba sabo ba ne a gidajenmu. Garin sabulun wanki da farar shadda da farar takarda duk ana sa musu wani sinadari mai mayar da UV shuɗin haske, domin fari ya ƙara fari. Hatta kunama, idan aka haska ta da tocilar UV cikin dare, jikinta kan yi kore-kore mai haske.

Iri uku da ake rikitawa

Na farko shi ne mai ƙyallin nan take. Yana haske ne muddin fitilar UV ko rana na kansa, da zarar an kashe fitila ƙyallin ya ɗauke. Yawancin zare, ulu, galura da duwatsun roba na kasuwanninmu irin wannan ne.

Na biyu shi ne mai ajiye haske. Yana shan haske da rana ko a gaban fitila, sannan ya riƙa sakinsa sannu a hankali cikin duhu. Ana ganinsa a hannun agogo, da wasu carbi na roba, da kayan wasan yara. Na zamani ana yin sa da wani gari mai suna sitirontiyam aluminet, wanda wani kamfanin Japan, Nemoto, ya fito da shi a 1993, kuma yana iya kai sa'o'i da dama bai mutu ba.

Na uku shi ne sandar roba mai ruwa a ciki, wadda ake lanƙwasawa ta kama haske, yara su sa a wuya ko a hannu wajen biki. Ita ba ta buƙatar fitila. A cikinta akwai ƙaramar kwalba da ke fashewa, ruwa biyu su haɗu su ba da haske na 'yan sa'o'i, daga nan ta ƙare ke nan.

Matsayinsu a sana'o'inmu

Ƙasar Sakkwato ta daɗe da suna a jima da dukanci, kuma fatar jan akuyarta ta yi ta tsallaka hamada zuwa Arewacin Afirka da Turai. Magabata suna samun ja daga karan dafi, shuɗi daga baba, baƙi daga kuloko, rawaya kuma daga gangamau. Galurar kanti ta zo ne daga baya, bayan da William Perkin ya haɗa launin roba na farko da ya shiga kasuwa a Ingila a 1856. A yau mai saƙar faifai ko tabarma kan sayi ƙullin galura ta dafa kaba a ciki, mai ɗinkin hula kuma ya sayi zare rinanne wanda ya biyo ta Babbar Kasuwar Sakkwato ko kasuwannin Kano.

Launukan gargajiya akasari duhu suke yi a ƙarƙashin fitilar UV, in ban da gangamau da kan nuna ɗan ƙyalli. To amma a kula: ba kowace galurar kanti ke ƙyalli ba. Idan kaya suka yi haske sosai, alama ce mai ƙarfi cewa launin na kanti ne, amma rashin ƙyalli bai isa shaidar cewa rinin gargajiya ba ne.

Amfanin launuka masu ƙyalli a fili yake. Suna da araha, suna kama kaba da zare cikin sauƙi, suna jan hankalin mai saye, kuma sun dace da jeren ɗakin amarya da kayan adon doki. Haka kuma ɗaura wa yaro makiyayi ko jakin kaya wani ƙyalle mai irin wannan launi na taimaka wa direbobi su hango su a bakin titi da yamma, kafin duhu ya rufa.

Babban aibinsu shi ne saurin koɗewa. Hasken da ke sa su ƙyalli shi ne kuma ke lalata su a hankali. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara kan haura maki 40, faifan da aka baje a rana kasuwa bayan kasuwa zai dusashe tun kafin a sayar da shi, mai saƙa ta yi asarar wahalarta. Don haka a shanya rinanniyar kaba a inuwa, a baje haja ƙarƙashin rumfa, sauran kuma a rufe su cikin buhu ko adudu.

Inda haɗarin yake

Ƙyallin kansa ba guba ba ne, kuma sa hula ko jigida mai irin wannan launi ba ya cutarwa. Haɗarin yana zuwa ne ta baki, ta numfashi, da kuma ta ido.

Daga cikin sinadaran da ake yin galura mai haske da su akwai rodamin B mai ba da ruwan hoda, da oramin mai ba da rawaya. An yi su ne domin yadi, takarda da fata, ba domin abinci ba. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa oramin cikin jerin abubuwan da ka iya jawo ciwon daji. A shekarar 2024 kuma jihar Tamil Nadu ta Indiya ta hana sayar da alawar auduga, bayan da gwaji ya nuna akwai rodamin B a cikinta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da faifai muke rufe fura da tuwo, a ƙwarya kuma muke dama kunu da nono.

Tarihi ma ya bar mana darasi. Daga 1917 zuwa shekarun 1920, 'yan mata masu shafa fentin agogo mai haske a wata masana'anta a jihar New Jersey ta Amurka suna gyara bakin burushi da leɓe. Fentin yana ɗauke da sinadarin radiyam, wanda ya ci musu ƙashin muƙamuƙi, da dama suka rasa rayukansu. An daɗe da daina amfani da radiyam a fenti, kuma garin ajiye haske na zamani ba ya fitar da tururin nukiliya, amma darasin na nan: kayan rini ba sa shiga baki.

Game da fitila, wadda ta dace da duba ado ita ce ta UV-A, wadda akan rubuta 365 ko 395 a jikinta ko a kwalinta. Wadda aka rubuta UV-C ko 254 ta kashe ƙwayoyin cuta ce, kuma kallonta na ɗan lokaci na iya jawo raɗaɗin ido irin wanda ke samun mai walda ba tabarau.

Bisa ga haka muna ba da shawarwari kamar haka:

1. Kada a sa galurar rini cikin alawa, zoɓo, ƙanƙara ko wani abin ci da sha. A nemi launin abinci mai lambar rajistar NAFDAC.
2. A ware tukunya da muciya na rini daban, kada su koma madafa.
3. Mai kwaɓa garin galura ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu kafin cin abinci.
4. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan sabon faifai. Idan launi ya fita, a bar shi ga ado, a rufe abinci da na farar kaba.
5. Ƙwaryar da za a ci ko a sha a ciki, a tsaya da fenti a bayanta kawai.
6. A zubar da ruwan rini nesa da rijiya, mashayar dabbobi da fadama.
7. A nisanta ƙananan duwatsun ado daga jarirai, kada kuma a bar yaro ya ciji sandar haske. Idan ruwanta ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta sosai, a kai shi asibiti mafi kusa.
8. Kada a haska kowace irin fitilar UV cikin ido. Idan doguwar kwalbar fitilar ta fashe, a buɗe tagogi, kada a kwashe da hannu, domin akwai zaiba a ciki.

Ƙarin amfani ga 'yan kasuwa

Tocilar da ke nuna ƙyallin zare tana kuma taimaka wa mai sana'a ya kare cinikinsa. Kamar yadda Babban Bankin Nijeriya ya bayyana, baƙar lambar da ke jikin takardar naira tana komawa kore a ƙarƙashin hasken UV. Takardar kuɗi ta gaske ba ta ɗaukar haske gaba ɗayanta, alhali farar takardar da ake buga jabu a kanta kan yi shuɗi fes. Sai dai kuɗin da aka manta a aljihu aka wanke da garin sabulu su ma suna iya yin haka, don haka a haɗa da duba sauran alamomi kafin a zargi mutum.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni, da kansiloli, da jami'an duba-gari, da shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin mata, da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman matan da ke saƙa da rini a cikin gida, waɗanda ba kasafai sanarwa ke kai gare su ba. Ya kamata masu sayar da galura su raba ta da launin abinci a kan teburinsu, su kuma riƙa faɗa wa mai saye wanda suka ba shi. Duk inda aka ga ana rina abinci da galura, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da ɓata lokaci ba.

Haka nan muna tunatar da masu sana'a cewa akwai masu saye da ke neman rinin gargajiya na karan dafi da baba, kuma suna biyan kuɗinsa. Wanda ya yi aiki da galura ya faɗi gaskiya, wanda ya yi da rinin gida shi ma ya faɗa, domin kowanne na da kasuwarsa. Da haka sana'ar za ta ɗore, iyalanmu kuma su zauna lafiya.