Gardamar Masu Karatu a Kan Littafi na Biyu na Magana Jari Ce

Ga bayani a kan wata gardama wadda ta kan tashi a zaurukan Sabon Birni da Isa, in masu karatun Hausa sun zauna hira. Tushenta littafin nan ne Magana Jari Ce, na marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya rasu cikin 1981. Ya wallafa shi a Zariya, a ofishin talifi wanda Dokta East ya ke shugabanta, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Na fari da na uku ba a cika ja-in-ja a kansu ba. Na tsakiya shi ne ya raba kan jama'a.

Ga yadda littattafan su ke. A na fari, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Wazirinsa ya ƙulla makirci don ya halaka Musa ɗan Sarki, sai wani aku ya riƙa tsare yaron da labaru kowane dare har Sarki ya komo. A na uku, akun nan, bayan an naɗa shi Waziri, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zance. A na biyu kuwa gasa ce aka yi tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ, na Sarkin Sirika, wannan ya kawo labari, wancan ya mayar masa da nasa.

Masu karatu sun kasu uku a kansa. Kashi na fari samari ne masu son tashin hankali. Ƙorafinsu shi ne, a littafi na fari ran ɗan Sarki ne a hannun aku, in labari ya gaza, yaro ya fita, makasa na jiransa a waje. A na biyu babu wannan fargaba, sai tsuntsu biyu suna ta zuba. Don haka su kan tsinci labaran da su ka yi musu daɗi, su tsallake sauran.

Kashi na biyu waɗansu malamai ne, su kuwa ba daɗin littafin ya dame su ba. A ganinsu wannan lagwu ne, tatsuniya ce aka sa wa riga da rawani. Sun ƙara da cewa da yawa daga labaran aro ne, waɗansu daga Alfu Laila, waɗansu daga littattafan Turawa. Batun aro gaskiya ne, masu bincike sun bi sawun labaru da yawa har zuwa tatsuniyoyin Jamus da na Hindu, kuma ko shi aku mai tsare mutum da labari da dare, Farisawa da Indiyawa sun san shi tun da daɗewa. Littafi na biyu ya fi shan wannan suka, domin a cikinsa labari ya ke bin labari ba tare da wani uzuri ba sai neman rinjaye.

Kashi na uku fatake ne da dillalai, irin waɗanda su ka saba da kasuwar Shinkafi da hanyar Maraɗi. Su a wurinsu na biyun nan shi ne gwani, domin sun ga sana'arsu a ciki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, ba wanda ya zare wuƙa, har a kai ga sallama. Wanda ya iya bakinsa ya tashi da riba, wanda ya yi garaje ya koma gida da kayansa.

To, in an auna zantuttukan nan, na fatake ya fi nauyi. Amsar samari ita ce, a littafi na fari aku yana magana ne da yaro, ba shi da abokin karawa. Sai a na biyu ya gamu da tsaransa, sa'an nan aka san ko jarin nasa na gaske ne, don ba a sanin gudun doki sai an yi sukuwa. Da babu na biyu, da ba shi da hujjar zama malamin ɗansa a na uku.

Amsar malamai kuwa tana cikin gafakarsu. Muƙamar Hariri, wadda a ke karantawa a zaure bayan ɗalibi ya yi nisa, maƙama hamsin ce a kan Abu Zaidi, mutumin da mawallafin ya ƙaga don koyar da lugga da fasaha. Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya juya zuwa Larabci tun ƙarni na 8, diloli ne su ke magana a ciki, sarakuna kuma su ka ɗauki hikima daga gare shi. In an yarda wa dila ya yi nasiha da Larabci, ba a hana aku ya yi ta da Hausa ba. Sharaɗi dai kada yaro ya bar allonsa saboda shi. Bayan an tashi daga karatu, babu laifi.

Akwai kuma abin da ya shafi Gobir ita kanta. Ƙasa ce wadda ta san kuɗin takobi. An ci Alƙalawa cikin 1808, kufanta na nan cikin ƙasar Sabon Birni. An yi Gawakuke cikin 1836, Gobirawa su ka watsu, waɗansu su ka zauna Tsibiri, daga baya waɗansu su ka kafa Sabon Birni. Cikin 2020 da 2021 kuma 'yan bindiga su ka addabi ƙauyukan yankin, aka yi asarar rayuka da dukiya. Mutanen da su ka ga irin wannan ba za su raina littafin da sarakuna biyu su ka gwada ƙarfi a cikinsa da harshen tsuntsaye ba.

Saboda haka wanda ya tsallake na tsakiya, ya koma ya karanta shi a tsanake, ya lura da yadda kowane aku ya ke sauraron abokin karawarsa kafin ya mayar da martani. Wannan ladabi ne da almajiri ya ke bukata gaban malaminsa, falke kuma gaban mai saye.

Allah ya jiƙan Imam, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin. Tammat.